Matar da Aka Shanya a Rana

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe tsoho Vinko ya zaunar da matar ɗansa a kujerar ƙarfe, bisa tudun da ya zama rufin gidansu, ya duba agogo.

"Minti arba'in yau, ɗiyata. Cire malafar nan. Rana ba ta aiki ta bayan labule."

Ɗan nasa, Damir, yana ƙasa a ɗakin girki, cikin sanyin gidan da aka fafe a cikin dutse kamar sauran gidajen Coober Pedy, garin mahaƙa da ke tsakiyar hamada. Bututun da ke kawo iska daga sama yana daidai kansa, kuma ba iska kaɗai yake kawowa ba. Ya ji ƙarar kujerar. Ya ji matarsa Narelle ta ce, "To, Baba." Ya ji maƙwabciyarsu Fotini, tsohuwar Bagirkiya mai bakin tsiya, ta ɗaga murya daga nata tudun.

"Vinko! Ka sake shanya tumatirin naka? Juya ta mana, gefe ɗaya ya nuna!"

"Rufe mana baki, tsohuwar banza. Ilimi ne wannan. Ke da kika haifi shida a gonar zaitun, a duhu kika same su?"

"A duhu mana, to da a ina?"

Dariya ta gangaro ta bututun. Damir ya ajiye kofin gahawarsa, ya kasa sha.

Vinko mutum ne mai son abin al'ajabi. Da siraran wayoyin ƙarfe biyu a hannu yake canfin neman jijiyar ofal, dutsen ado mai tsada da ake haƙa a garin, kuma a aljihunsa akwai ƙwanson kifin teku da ya haƙo a tsakiyar hamada, wanda yake nuna wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi. Wata rana a ɗakin jira na asibiti ya yago shafi ɗaya daga wata mujalla. Shafin ya ce wasu masu bincike suna zaton hasken rana a kan fata yana iya motsa sinadaran jikin mace da ke tafiyar da haihuwa. Ƙarashen bayanin yana shafi na gaba, shi kuwa bai yago ba. Abin da ya karanta ya ishe shi. Shekara bakwai da aure babu jika. Yarinya tana kwana a rami, tana tashi ta tafi gyaran ɗakuna a otal ɗin da shi ma rami ne.

"Kaza ma ba ta ƙwai a duhu," in ji shi.

Abin da Vinko bai sani ba, tun watan Satumba Damir da Narelle suka je birnin Adelaide aka gwada su. Likita ta ce Narelle lafiyarta ƙalau. Damir ne ba shi da ƙwayar haihuwa, ko ɗaya. A hanyar dawowa, tafiyar awa tara, bai buɗe baki ba sai da tulin farar ƙasar ramukan haƙa na garinsu ya fara bayyana. Sannan ya ce, "Ki ba ni sati ɗaya. Ni zan faɗa masa." Da suka shiga gida ya dubi tsohon da ya sauka ƙasar nan da akwati ɗaya, ya binne matarsa, ya rage da ɗa ɗaya tal da zai ɗauki sunan gidansu, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Likita ta ce a yi haƙuri." Vinko ya juya ya dubi Narelle da tausayi. Haka garin ma ya dube ta, a coci, a kanti, a wurin gasa rago. Babu wanda ya tambaya, domin kowa ya riga ya san inda irin wannan laifin yake sauka.

Yanzu ga Janairu, wanda a wannan ƙasa shi ne tsakiyar zafi.

* * *

Da la'asar Narelle tana zaune a bakin gado, ta sauke riga daga kafaɗa, Damir yana shafa mata man sanyi. Mace ce mai jan gashi, fatarta fara sol, irin wadda rana ba ta yi wa baƙi sai dai ta dafa. Kafaɗun sun yi ja, suna saɓa kamar bawon albasa.

"Ki ce masa ba za ki ƙara hawa ba."

"Saboda me zan ce masa?"

"Ki ce kin gaji."

"Na gaji kuwa. Amma in na ƙi hawa, sai a ce ga juya, ga taurin kai." Ta ja numfashi da hannunsa ya taɓa wurin da ya fi zafi. "Jiya ya zo da wayoyinsa na neman dutse ya riƙe su a kan cikina. Ya ce sun motsa. Har da hawayensa, Damir."

Ya ci gaba da shafa man.

"Ni ba zan faɗa masa ba. Maganarka ce, ba tawa ba. Sati ɗaya ka ce. Ina hawa ne domin ka riƙa jina ta bututun nan."

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan tawadar Allah da ke bayan kafaɗarta ta hagu. Ya san ta tun kafin aurensu, 'yar ƙarama, zagayayya. Yanzu ta yi faɗi, bakinta ya karkace, tsakiyarta ta yi baƙi ƙirin.

Nas ɗin asibiti ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa ko ranar da ta sha bana ce ta jawo ko ta ƙuruciya, amma wane mai hankali ne yake zaunar da irin wannan fatar a tsakar rana? Ta ce ko da zancen mujallar yana da ƙamshin gaskiya, ba a tabbatar ba, kuma ba haka ake yi ba. Ta rubuta takarda: a tafi Adelaide a yanke, a duba ko dajin fata ne.

A wurin shiga bas Vinko ya rungume ta a hankali, yana kaucewa kafaɗar, ya cusa mata ƙunshin busassun ɓaure a jaka. Da ya matsa gefe, ta dubi mijinta.

"Wurin yayata zan sauka. In an cire zaren ɗinki zan kira. In ka faɗa masa, ka zo ka ɗauke ni. In ba ka faɗa ba, kada ka wahalar da motarka."

* * *

Kwana goma Damir yana juya maganar a baki. Ya shirya ta a wurin aske gemu, ya shirya ta a mota. Kullum sai ya ga fuskar tsohon, sai maganar ta koma ciki.

Rana ta goma sha ɗaya suna ƙasan raminsu na haƙa, tsohon yana gaba da fitila a goshi, yana shafa bango da tafin hannu kamar mai lallashin doki. Damir ya hau sama ya tayar da injin da ke zuƙe ƙasa, ya sauko. Ramin ya cika da ruri har haƙora suna kaɗawa. Ya tsaya a bayan uban nasa, taku biyu tsakaninsu.

"Baba, ni ne," ya ce. "Ba ita ba ce. Ni ne ba na haihuwa."

Ko shi kansa bai ji muryarsa ba. Amma ya faɗa. Ya ji wani sauƙi ya ratsa shi, sai kuma kunyar sauƙin ta biyo baya ta danne shi, domin ya san dalilin da ya sa ya tayar da injin tukuna.

Vinko ya waiwayo, hasken fitilarsa ya doki idon ɗan. Ya sa hannu a kunne, ya yi ihu, "Me ka ce?"

Damir ya dubi ƙurar da ta cika gashin girar tsohon.

"Na ce miƙo diga!"

* * *

Ran Lahadi bayan coci, suna cin miyar wake, wayar da ke jikin bango ta yi ƙara. Damir ya ɗauka.

"An cire zaren," in ji Narelle. "Dajin ne, amma sun ce an kama shi da wuri. Sun yanke har da kewaye. Duk bayan wata uku zan riƙa zuwa a duba."

"Mun gode Allah. Narelle, mun gode Allah."

"Ka faɗa masa?"

Tsohon ya ajiye cokali, yana kallonsa, yana tambaya da ido.

"Na faɗa," in ji Damir.

Ya ji ta saki numfashi mai tsawo, muryarta ta karye. "Da gaske? Ya ya ɗauka? Ba ni shi. Ba ni Baba."

Kafin ya yi wata dabara, Vinko ya riga ya miƙe ya karɓe wayar da hannu biyu.

"Ɗiyata! Sannu, sannu. Laifina ne, na yi gaggawa, da ranar sassafe ya kamata mu fara. Ki dawo gida, kin ji? Kada ki ji kunyar kowa. Haihuwa ta Allah ce, ba ke kika yi kanki ba. Ni ban taɓa riƙe ki a zuci ba, Damir ma bai taɓa ba. Wani namijin da tuni ya kama gabansa, amma kin ga nawa ɗan, ko sau ɗaya bai buɗe baki ya yi ƙorafi ba."

Ya saurara. Ya girgiza wayar, ya sake mayar da ita kunne.

"Ɗiyata? Kai, wannan layin. Ungo, duba ko kai za ka ji ta."

Damir ya karɓa. Babu kowa a ciki, sai dogon amon layin da aka kashe. Tsohon yana tsaye a gabansa, miya a gefen bakinsa, yana murmushi, yana jira.

"Eh," Damir ya ce wa wayar. "Eh, yana nan lafiya. To. To, zan faɗa masa."