Tufi a Kududdufin Abarshi

Tun da gonarsa ta Kakangi ta gagari shiga saboda mutanen daji, Abarshi ya koma kiwon karfasa a kududdufin bayan gidansa a Birnin Gwari. Kifin nan shi ne hatsin bana, shi ne cefane. Sai ga shi kullum raguwa yake yi, kamar ana ɗiba da ludayi. Ya zargi tsuntsaye, ya zargi maƙwabta, har gaisuwa ta yi tsami a unguwa.

Ranar nan Maliki, yayan matarsa Saude, masunci a dam ɗin Bagoma, ya zo ya tsuguna a bakin ruwan. Can wani abu ya leƙo, ya shaƙi iska, ya nutse.

"Ga ɓarawonka nan, tufi ne," in ji Maliki. "Kai kamar na maciji, jiki dabbare-dabbare. A ciyawa yake laɓewa ya cafke ƙanana. Ambaliya ce ta shigo maka da shi."

"Yau sai na ga bayansa!"

"Ka dai bari rana ta yi sanyi."

Ina! Maliki na juya baya, Abarshi ya aro injin ban-ruwa, ya tsotse kududdufin da tsakar rana. Karfasar da ta rage ya kwashe a robobin wanki, ya naɗe wando ya faɗa taɓo. Tufi kuwa ga santsi ga wayo. Ya damƙo shi ya suɓuce, ya danne shi da gwiwa ya ɓullo ta baya. Haushi ya tuƙe Abarshi har yana zagin kifi da uwa da uba.

"Malam," Saude ta ƙwala masa kira daga bakin zaure, "kifin nan fa sun ɗago baki sama. A canza musu ruwa!"

"Ki bar ni, na kusa!"

Sai bayan la'asar ya fito, taɓo har gira, ya maka tufin a busasshen bokiti yana huci. Saude ta nuna masa robobin. Ruwan ya yi ɗumi, karfasa duk sun juya fararen cikinsu sama, ko ɗaya ba mai motsi.

Abarshi ya zauna daɓas a ƙasa, kuka ya ƙi zuwa. A cikin bokitin da babu ko ɗigon ruwa, tufi ya buɗe baki ya ja numfashinsa.