Gadar Juliet

Tunda malamin fiziks ya samu canjin aiki ya koma cikin gari, Malama Safiyatu ce ke riƙe da lissafi da fiziks duka a wata sakandare da ke Kwali. Daga Gwagwalada take zuwa kullum, kuma kafin ta iso muryarta ta riga ta dushe da hayaƙin mota.

A zangon nan ta raba 'yan aji biyar uku-uku, ta ce kowane rukuni ya haɗa ƙaramar gada da tsinken tsire da gam. Ranar gwaji za a rataya bokiti a tsakiyar gadar, a riƙa zuba yashi har ta karye, sannan a auna yashin. Bayan haka kowa ya rubuta abin da ya koya.

Ranar ta zo da zafi. Gadoji suka yi ta karyewa, yara na ihu, yashi ya cika ƙasan ajin. Da aka zo kan rukuni na ƙarshe, yarinya ɗaya ce ta fito, Juliet 'yar ƙauyen Yangoji. Abokan aikinta, Justice da Maliki, suna zaune a baya.

Gadar tata ta fi kowace kyau. Aka rataya bokiti, Malama ta fara zuba yashi. Ya wuce na kowa, gadar ba ta motsa ba. Can aka ji wani ɗan ƙas.

Juliet ta riƙe bokitin da hannu biyu. "Ma, ya isa. Kar a karya shi."

"Sai ta karye za mu san ƙarfinta, Juliet. Sake shi."

"Wannan ne na uku, Ma. Na farko akuya ya taka. Na biyu ruwa ya jiƙa a ɗakinmu. Ni kaɗai na yi, bayan na dawo daga gonar doya. Na gaji."

Justice ya ɗaga murya daga baya: "Ai namu ne duka, Ma!"

Malama ta dube shi, ta dubi yatsun yarinyar da gam ya ƙeƙashe a kansu. Ta san ya kamata ta tsaya ta bi diddigin maganar, amma akwai wani aji na jiran ta, ga ciwon kai tun safe.

"Idan ba ta karye ba, zan rage miki maki."

"A rage, Ma."

Aka sauke bokitin, aka auna yashin yadda yake.

Da yamma, a cikin motar komawa gida, Malama ta ciro takardun tana dubawa a kan gwiwa. Yawancinsu abu ɗaya suka ce: aikin ya yi daɗi, sun koyi haɗin kai. Justice ma haka ya rubuta. Ta Juliet gajera ce. Ta ce siffa mai kusurwa uku ta fi mai huɗu riƙe nauyi, ta zana yadda nauyin ke bin tsinkayen zuwa gefe, kuma zanen daidai yake. A ƙasa ta ƙara cewa tana so ta bar ajin kimiyya, don aikinsa ba ya ƙarewa a makaranta, sai ya bi mutum gida.

Washegari Malama ta kira ta ofishin malamai.

"Kin fi kowa gane abin nan. Ki ƙara haƙuri mana."

"Babana ba shi da lafiya, Ma. Ni da mamana ne a gona."

 Malama ta ce mata ta riƙa zuwa lokacin hutun tara suna yin aikin gida tare, ko da rabi ne.

Juliet ta zo sau biyu. A na biyun barci ya ɗauke ta a kan tebur, biro a hannu. Malama ba ta tashe ta ba. Ta matsar da littafin gefe, ta ci gaba da duba jarrabawar 'yan aji huɗu.