Rabin Maki

Fensir uku, abin goge rubutu, fasfo, gorar ruwa, da takarda mai ninki huɗu ɗauke da kalmomin Turanci arba'in da malamin darasinta ya ba ta. Abin da ke cikin jakar Auta ke nan, kuma tun da suka baro gida sau biyar tana buɗewa tana dubawa.

Yayanta ne ke tuƙi. Motoci sun cushe a kan gada, agogon mota ya nuna takwas da kwata. Ƙarfe tara ake rufe ɗakin jarrabawa.

Wannan ne zamanta na uku. Asibitin da ya ɗauke ta aikin jinya a ƙasar waje ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kawo sakamakon Turanci, ko a ba wata gurbin. Sau biyu rabin maki na kayar da ita, duk a wuri ɗaya: inda ake ba mutum zane mai layi yana hawa yana sauka, a ce ya bayyana shi a rubuce cikin minti ashirin.

"Karanto mu ji," in ji Yaya.

"*Fluctuate*. Hawa da sauka."

"Rufe takardar. Da wane harafi ya fara?"

Ciwon ke nan. Kunnenta bai raba P da F, hannunta kuma kunnen yake bi. A gwajin ƙarshe malamin darasi ya zagaye mata wuri bakwai da jan biro. Ta rubuta *feak* maimakon *peak*, ta rubuta *pluctuate*.

"Mai kai ɗaya ne ko mai hannu biyu?" Yaya ya ƙara, yana nufin P ko F.

"Yaya, don Allah ka bar ni da abin da ke damuna."

"Haruffa biyu sun tare miki hanyar jirgi. Ko 'yan sanda ba su kai su ba."

Ba ta yi dariya ba. Tafin hannunta ya jiƙa takardar, tawadar *plummet* har ta fara narkewa.

Sun sauka daga gada tara saura ashirin da biyar. Ya ce, yana kallon titi, "Shekaranjiya da na zo ɗaukar ki a asibitin da kike aiki, na ji kina yi wa likita bayanin takardar da ke rataye a gadon wani tsoho. Da Turanci. Ban ji kin yi in'ina ba."

"Wannan ai zazzaɓi ne."

"Ba layi ba ne?"

Layi ne. Shekara takwas tana rubuta shi: ya hau da asuba, ya tsaya cik, ya sauka bayan allura. *Rose. Remained steady. Declined.* Ta ɗauko fensir ta bi takardar tana sa alama a kan kalmomin da hannunta ya riga ya sani. Goma sha ɗaya. Babu mai kai, babu mai hannu a cikinsu.

"Amma malam ya ce manyan kalmomi ne ke jawo maki."

"Su jawo wa malam. Sau biyu kin shiga da su."

Idan goma sha ɗayan ba su isa ba, shi ke nan, babu zama na huɗu kafin ƙarshen wata. Ta san haka.

Ya tsaya a bakin ƙofar ginin tara saura goma. Mai gadi na duba fasfo, layin ya kusa ƙarewa. Auta ta fita, ta ajiye takardar a kan kujera.

"Kin bar kalmominki."

Ta rufe ƙofar motar, ta sunkuyo ta taga.

"Na malam ne. Da nawa zan shiga."