Hannun Mai Fasa Kankare

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da injin fasa kankare, shi ya sa ko cokali na ɗauka sai ya yi rawa. Tela ne ya laƙaba mini suna Girgiza, shi da muka tashi a layi ɗaya, muka ci a kwano ɗaya a ɗakin Innarsa. To wai ni ɗin nan ya zaɓa in ɗauki bidiyon aurensa.

"Kai, ka rasa wanda za ka ba sai ni? Ga masu sana'ar nan birjik!"

"Su ɗauki amarya da manyan baƙi," in ji shi, ko kai bai ɗaga daga keken ɗinki ba. "Inna ta ce kai take so. Wai kai ka san waɗanda za ta so gani."

Wata bakwai ke nan Inna na kwance, ko zama ba ta jurewa, balle zuwa wurin taro. Ciwon kuma ya bar ta da jiri: da hoto ya fara tsalle, sai ta rufe ido ta juya wa bango fuska. In hannuna ya yi halinsa, Inna ba za ta ga auren ɗanta tilo ba, ko a waya.

Na tafi shagon kayan waya. Mai shago ya fara da ɗauko mini wani mariƙin waya mai batir, wanda ke daidaita waya da kansa ko gudu kake yi. Da ya faɗi kuɗinsa, na mayar masa da hannu biyu, a hankali, kamar jaririn mutane. Ya nuna mini mai ƙafa uku. Na ce wannan ai tsayawa zai yi wuri ɗaya, ni kuwa fuskoki zan bi. Sai ya sunkuya ƙasan kanta ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe duk ƙura, wurin maƙala waya a sama, 'yan faifan ƙarfe masu nauyi a ƙasa.

"Wannan ba batir, ba caji, kuma aljihunka ba zai yi kuka ba. Amma sai ka koyi tafiya."

"Malam, ni da shekara arba'in za a koya wa tafiya?"

Ashe kuwa za a koya mini. A gida wayar ta ƙi tsayuwa, sai karkata hagu take. Na buɗe akwatin aiki na yi ta ƙara wa ƙarfen noti don nauyi ina gwadawa da ma'aunin magina, har ɗigon ruwan ya zauna a tsakiya. Na ɗauki bidiyon tsakar gida don gwaji, na nuna wa uwar 'ya'yana. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan tsakar gida ce ko bayan mota a kan ramuka?"

Ita da ta yi aiki a gidan abinci kafin aurenmu, tire biyu take ɗauka a lokaci guda. Ta cika kofi da ruwa maƙil ta damƙa mini. "Sassauta gwiwa. Diddige kafin yatsu. Kuma daina kallon kofin, maigida, kalli inda za ka!" Sati biyu ina sanɗa a tsakar gida, ina jiƙa wando. Maƙwabcinmu har maganin ciwon baya ya kawo mini.

Ranar biki na shiga taro da gwiwa a sassauce. Na ɗauko ƙanwar Inna tana faɗa da masu jera kujeru, na ɗauko tsohuwar maƙwabciyar Inna mai haƙori ɗaya tana ɓoye lemo a jaka. Wallahi hoto sumul, ni kaina na yi mamaki.

Can sai Tela ya jawo amarya suka tsaya a gabana. Ya dubi wayar ya ce, "Inna, ga ni, ga 'yarki. Maɓallan rigar nan da allurarki na ɗinka su, yadda kika koya mini." Ni kuma, ƙaton banza, kuka ya ƙwace mini. Kafaɗa ta ɗauki rawa, noti da faifai duk suka tashi a tutar babu.

Washegari da hantsi na zauna a bakin gadon Inna na riƙe mata waya. Tana kallo tana tsokaci: wance ta yi ƙiba, wane har yanzu hular nan ce dai. Ko sau ɗaya ba ta rufe ido ba. Da muka kusa wurin da na yi kuka, na kai yatsa zan tsallake. Ta buge mini hannu.

Hoton ya yi ta tsalle, silin, takalma, rabin fuskar Tela. Ina ta jiran ta juya wa bango fuska. Ba ta juya ba.

"Inna, ki yi haƙuri, ƙarfen ne, mai arha na saya."

"Ƙarfen gidanku," in ji ta, ta kamo hannuna mai rawar nan ta ɗora a ƙirjinta. "Tun ɗazu nake ganin kowa, ina ta neman ɗayan ɗana ban gan shi ba, sai a nan. Mayar mini baya."