Motar da Ta Sha Miyar Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da ba mai daɗi ba ce.

A Kebbe akwai wani direba, Lauwali, mai wata tsohuwar babbar mota da ya gada wurin mahaifinsa. Da ita yake kwasar gero da albasa zuwa kasuwar Tambuwal, da ita gidansa ke ci. To, motar nan lagiretonta, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya daɗe yana yoyo. Kuma ruwan da yake ɗura mata na rijiyar unguwarsu ne, ruwan zartsi, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta. Duk sanda yoyo ya tsananta, sai ya leƙa madafi ya ce wa matarsa Hadijatu, "Innar Nasiha, ɗan sam mini kuka." Ya zuba garin a lagireto, ya yi kauri, ya toshe ramin. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Ranar da kuka ta daina aiki, motar ta riƙa tafasa tun kafin a fita gari. Hadijatu tana da saniya ɗaya tak, wadda aka ba ta tun tana yarinya, nononta ne ke riƙe furar gidan. Ba wanda ya roƙe ta. Ita da kanta ta kwance igiya ta miƙa wa mijinta.

"Malam, kai ta kasuwa. Mota in ta tashi, ta sawo muna wata."

Lauwali ya kai saniya, ya sayo sabon lagireto, ya lallaɓa da motar har garejin Ɗanmaliki a Tambuwal. Ɗanmaliki makanike ne, kuma taubashinsa, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da ya cire tiyo, wani koren abu mai yauƙi ya zubo masa a hannu. Ya sansana.

"Kai Lauwali, mota ka kawo min ko tukunyar miya? Daddawa kaɗai tar rage!"

"Kai dai ɗaura sabo, ka bar surutu."

"In na ɗaura shi hakanga, dattin da ke cikin inji shi toshe shi kafin kaka. Sai an wanke cikinta."

Ɗanmaliki ya haɗa ruwa da ɗan ruwan batir, mai cin tsatsa da ƙarfe, ya ɗura, aka tada inji ya zagaya, aka zubar. Wayyo, ku ga abin da ya fito! Ɓawo fari, tsatsa ja, kuka baƙa, har da wasu ɓarɓashi kamar tsakuwa. Ya sake haɗa wani ya ɗura. Ana cikin haka aka kira shi a waya, an yi rasuwa a dangin matarsa a Dogon Daji. Yana saka riga yana cewa, "Wanga na biyu, da an yi la'asar ka kwance ƙasa ka zubar, ka ɗauraye da ruwan famfo. Gobe ni ɗaura maka."

La'asar ta yi. Lauwali ya tsuguna gaban tulin dattin da ya fita, yana juya shi da tsinke. Saniyar yake gani, yadda ta riƙa waiwaye da mahaucin da ya saye ta ya ja ta. Ya ce a ransa, ba zai ɗora kuɗinta a kan inji mai sauran datti ba. Shi abin da ya sani, wanki jiƙo yake so, tufa mai dauɗa kwana take cikin ruwa. Sai ya ɗauko galan ɗin ruwan batir, ya ƙara wa motar rabi, ya rufe, ya bar ta ta kwana.

Da safe kafin Ɗanmaliki ya iso ya zubar, ya ɗauraye, ruwa na fita garau.

Da Ɗanmaliki ya iso ya ce, "Da la'asar ka zubar ko?"

"Ka gani dai, tas."

Aka ɗaura sabon lagireto, yana ƙyalli a gaban tsohuwar mota kamar haƙorin Makka. Lauwali ya yi lodin taki ya kama hanyar Kebbe. Allurar zafi ba ta ko motsa ba, har yana ƴar waƙa.

Bai yi rabin hanya ba farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Inji ya yi tari, ya yi wata ƙara, ya yi shiru. Ya zaro sandar gwada baƙin mai, sai ga shi ya koma kamar kunu. Ya kira Ɗanmaliki, ya zo a kan babur, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito bai yi tsokana ba.

"Ɗan'uwa, kwana tay yi da shi?"

Lauwali ya ce eh, har ƙari ya yi mata.

"Innalillahi. Ƙarfen cikin ya daɗe da cinyewa, ɓawon nan shi ka riƙe da shi. Wankin ɗan lokaci ta iya ɗauka, ba na kwana ba. Yanzu ruwa ya shiga ko'ina, bulok, jikin injin kansa, ya tsage."

"Ba gyara?"

"Sai dai wani inji."

Da yamma ya shiga gida a ƙafa. Hadijatu na tsakar gida tana dama fura da ruwa zalla. Ta dubi hannunsa, ta saurara ko za ta ji ƙugin mota a waje.

"Malam, ina ka aje ta?"

Ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ta ci gaba da damu har ta gama, ta miƙa masa ƙwaryar, ta shiga ɗaki.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Motar an sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka yanka ta a bakin hanya. Sabon lagireton kuwa, Ɗanmaliki ya cire ya sayar wa wani, bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba. Lauwali yana dako a tashar Tambuwal, yana loda wa wasu direbobi. Hadijatu tana surfen hatsi a gidajen mutane, ba ta sake mallakar saniya ba.