Bajon Falalu

Falalu yana tsugune a kan jar ƙasar da aka daddaɓe, yana jiran na'urar awon taurin hanya ta ba shi lamba, sai ga motar ofis ta tsaya. Madam Jamila ce ta fito, mai kula da lafiyar ma'aikata. Duk wata uku take zuwa daga Damagaram ta karɓi bajon da yake maƙalawa a rigar aiki, ta ba shi sabo. Yau kuwa ba lokacinta ba ne.

Na'urar tana fitar da wani tururi da ake kira nutron. Ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jinsa, bajon nan kaɗai ke shaida yawan wanda ya taɓa mutum.

"Malam Falalu, sakamako ya zo daga Yamai," in ji ta. "Naka ya ninka na kullum sau tara."

Falalu ya miƙe tsaye. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Matarsa Radiya ce ta faɗo masa a rai, da cikinta na wata bakwai.

Shef, shugaban aikin, ya matso yana fifita da hula. "Madam, rana ce ta lalata shi. Ki rubuta ya ɓaci, mu samu mu kai hanyar nan Belbeji kafin damina."

"In rana ce, shef, da na Sule abokin aikinsa ma ya ɓaci. Tare suke awo, rana ɗaya ke dukansu."

Ba ta rubuta komai ba, ba ta kuma janye Falalu daga aiki ba. Ta samu gindin aduwa ta zauna tana kallonsa: yadda yake ɗaukar na'urar, taku nawa yake ja da baya, inda yake ajiye ta in zai yi salla. Aka kira ta shan shayi a inuwar tanti, ta ce a sha lafiya.

Da la'asar aka tashi. Falalu ya kulle na'urar a akwatinta, ya tura shi kujerar baya ta motar aikinsu, ya tuɓe rigar aikin ya shimfiɗa a kai.

"Tsaya," ta ce. "Tun yaushe akwatin ke shiga nan?"

"Tun da ƙofar bodin baya, inda ake sa kaya, ta karye, wata uku ke nan. Gudun kada ya faɗo a gargada."

"Rigar fa?"

"Nan take kwana. Ni a babur nake komawa Tanut."

"To rigarka ce ta sha tururin, ba kai ba."

Falalu ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala har sau uku. Amma ita ba ta yi murmushi ba. Idonta na kan dattijon direban, wanda bayan kujerarsa ke jingine da akwatin.

"Baba Hamidu, awa nawa kake yi a nan?"

"Biyu zuwa, biyu komawa, 'yata. Ran da babu awo, da akwatin nake yawo yini guda."

"Ina bajonka?"

Ya yi dariya. "Ni da ke tuƙi?"

Nan take ta sa aka fito da akwatin. Ta shaida wa shef cewa na'urar ba za ta sake hawa motar ba sai an yi wa ƙofar walda, gobe kuma Baba Hamidu zai bi ta Damagaram likita ya duba shi. Shef ya fara maganar damina. Ta miƙa masa biro da takarda, ta ce ya rubuta da hannunsa cewa ya ƙi. Ya dubi takardar, ya ciro waya ya kira mai walda.

Falalu ya tsaya yana kallonta, kunya ta rufe shi. Shi da hannunsa ya yi wata uku yana tura akwatin bayan dattijon.

Ta buɗe jaka ta ciro sabon bajo. "Sunan mahaifi, Baba?"

"Mato." Ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙe tsaye. "Wane gefe ake sa shi?"