Kiɗan Tamimu a Hanyar Filin Jirgi

Motoci sun cushe a kan gada kamar tumaki a bakin rijiya. Alhaji Mahamudu na zaune a gaba, fasfo a aljihu, akwatuna a baya. Yau zai koma Damagaram, komawar da ba dawowa. Ya sayar da shagonsa na unguwar Highbridge a nan ƙasar waje, ya yi sallama da kowa, ban da ɗansa Tamimu.

Tun ranar da Tamimu ya ajiye karatun haɗa magunguna ya rungumi jita, ya shiga ƙungiyar masu kiɗan rok, uban ya ce masa, "Mu ba mu gaji roƙo ba." Daga nan ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Zalia, ƙanwar Tamimu, ita ke tuƙi. Ta daɗe tana tauna maganar kafin ta furta.

"Baba, Yaya ya fitar da faifai nasa shi kaɗai, ba tare da ƙungiya ba. Ya ce in kunna maka. In ba ka so, shi ke nan."

Bai hana ba. Ta kunna.

Tsirkiya ɗaya ce ta fara, a hankali, kamar baƙon da ke gyaran murya a ƙofar gida. Aka daɗe a haka.

"Ina waƙar?" in ji Alhaji.

"Babu waƙa, Baba. Kiɗa ne zalla."

"To wa yake yi wa kirari?"

"Ba kowa."

Ya yi tsaki. "Makaɗin da ba ya kiran sunan kowa, me zai ci?"

Kiɗa na biyu ya shigo da ruri. Ganguna suka barke, jitar ta yi ta kururuwa tana hawa tana faɗowa, har gilashin mota na rawa. Zalia ta kai hannu za ta rage.

"Bar shi. Wannan faɗa ne, kuma da ni yake."

"Bai ce haka ba."

"Ba sai ya ce ba. Labarin zuciya a tambayi fuska."

Na uku ya zo da sanyi. Alhaji ya shiga buga gwiwa da yatsa yana neman ya bi, amma duk inda ya sa ran bugu zai sauka, sai bugun ya makara. Ya sake gwadawa, ya sake kuskurewa.

"Wannan kiɗan ɗingishi yake yi," ya ce. Sai yatsan ya tsaya cak.

Tun da Alhaji ya zame a kan ƙanƙara, lokacin Tamimu yana ƙarami, ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Haka yake hawa matakalar gidansu kullum in ya taso daga shago: taki, taki, sannan ja. Kuma kafin ya ƙwanƙwasa, yaron ya riga ya buɗe ƙofa. Alhaji bai taɓa tambayar kansa yadda yaron yake sanin shi ne ba.

"Tafiyata ce," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba'a yake yi mini?"

Amma ga jitar ta biyo bugun a baya, tana jira in ya makara, tana rage sauri, kamar mai rakiyar dattijo. Alhaji ya juya fuska wajen taga, ya daɗe yana kallon ruwan da ke ƙarƙashin gadar.

Da suka isa filin jirgi, wani ma'aikaci mai usur ya nuna musu su sauke kaya su ba da wuri. Alhaji bai taɓa ƙofa ba.

"Saura nawa?"

"Ɗaya. Amma mai tsawo ne, Baba, ga lokaci yana tafiya."

Ma'aikacin ya ƙwanƙwasa gilashi. Alhaji ya gyara zama, ya sake ɗaura bel ɗin kujerarsa.

"Zagaya ki dawo. Bari yaron ya gama."

Ta kunna sigina, ta koma cikin layin motoci.